Kwikwiyo ɗaya cikin uku: nazarin lamarin makauniyar Hawaii da asalin karen Labradoodle

## Matsalar da aka kawo

A tsakiyar shekarun 1980, wata makauniya da ke zaune a Hawaii, tsibiran nan na Amurka da ke tsakiyar tekun Fasifik, ta aika saƙo Ostireliya tana neman karen jagora. A wajenmu ɗan jagora yaro ne mai riƙe da bakin sanda. A can kare ake horarwa ya yi wannan aiki. Ana sa masa ɗamara mai mariƙi a gadon baya, makaho ya kama mariƙin, kare ya tsaya in an zo bakin kwalta, ya kauce wa rami da turken fitila, ya kuma ƙi tsallakawa idan mota na tafe ko da an ce masa ya tafi. Irin wannan kare ba a ɗaure shi a bayan gida. Yana falo, yana cikin mota, a gefen gado yake kwana.

A nan gizo ke saƙar. Mijin matar yana da alaji da karnuka, wato jikinsa na bori da zarar ya kusance su. Masu wannan lalura kan yi ta atishawa, hanci na yoyo, ido na ƙaiƙayi, wasu har numfashi ya riƙa sarƙe musu kamar masu asma. Ita tana bukatar kare a ɗaki dare da rana, shi kuma ba ya iya zama ɗaki ɗaya da kare.

Akwai dalilin da ya sa aka nufi Ostireliya. Hawaii ba ta da ciwon haukan kare, kuma don kada ya shigo, dokarta a lokacin ta tilasta a killace karen da aka kawo daga babban yankin Amurka har kwana 120. Karen da aka gama horarwa, in ya yi wata huɗu a keji, horon ya fara zubewa. Ostireliya ma ba ta da cutar, saboda haka karnukanta ba sa shiga wannan dogon tsaro.

Saƙon ya faɗa hannun Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar karnukan jagora da ke birnin Melbon a jihar Victoria. Sharuɗɗa biyu aka gindaya masa, kuma kowanne ana iya auna shi: kare ya ci jarrabawar jagora, sannan mijin ya zauna da shi jikinsa bai tashi ba.

## Shekara uku, Poodle 33

Karen da ƙungiyar ta saba amfani da shi shi ne Labrador. Yana da haƙuri, yana son mutane, yana son abinci, abin da ke sauƙaƙa koyarwa, kuma hayaniyar titi ba ta cika razana shi ba. Aibinsa a wannan lamari gashinsa ne: gajere, mai hawa biyu, yana zuba a kan kujera da darduma da tufafi duk shekara.

Conron ya ga kamar abin mai sauƙi ne, sai ya koma ga babban Poodle. Asalinsa karen ɗauko tsuntsu ne daga ruwa, kuma ya yi suna wajen kaifin ƙwaƙwalwa. Gashinsa murɗaɗɗe ne, yana ta tsiro ba tsayawa kamar sumar mutum, wanda ya tsinke kuma sai ya maƙale cikin murɗin maimakon ya faɗo ƙasa. Girmansa ya kai a ɗora masa ɗamara. A takarda dai ya cika sharaɗi.

A aikace bai cika ba. Kamar yadda Conron ya sha faɗa, Poodle 33 ya gwada cikin kusan shekara uku, babu ko ɗaya da ya kai matsayin karen jagora. Abin da ya sa wannan mataki ya ci lokaci shi ne yadda horon yake. Ɗan kwikwiyo yakan bar uwarsa yana da kamar mako bakwai zuwa takwas, ya tafi gidan wasu masu sa kai su rene shi wajen shekara guda, suna shiga da shi kasuwa da mota da cunkoso, sannan ya dawo a yi masa horon aiki na wasu watanni. Kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya wadatarwa. Ana son karen da zai yi tafiyar mita ɗari biyar a miƙe bai kula kyanwa ba, ya kwanta ƙarƙashin tebur awa biyu bai motsa ba. Duk wannan lokaci matar tana Hawaii tana jira.

## 1989: barbarar farko da gwajin gashi

Da hanyar ta toshe, Conron ya yanke shawarar haɗa jinsunan biyu. Ya ɗauki wata karyar Labrador ta ƙungiyar, mai suna Brandy, wadda ya san halinta, aka yi mata barbara da wani babban Poodle na shugabansa a wurin aiki, mai suna Harley. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. A 1989 ta haifi 'yan kwikwiyo uku.

Ukun nan su ne abin da masu kiwo ke kira F1, wato zubin farko. Harafin F ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin ɗa. Kare na da kuromosom (zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 78, wato tagwaye 39, kuma kowane ɗan kwikwiyo ya karɓi 39 daga uwa, 39 daga uba. Rabon a wannan zubi daidai wa daida yake: rabi Labrador, rabi Poodle, ba ƙari ba ragi.

Conron bai dogara da wannan lissafi ba. Ya yanko gashin kowane ɗaya, ya ɗebi miyansu, ya aika Hawaii a gwada a jikin mijin. Ba jinsin aka gwada ba, kuma ba zubin ba. Kare uku aka gwada ɗaya bayan ɗaya, a kan mutum ɗaya.

Sakamako ya dawo. Biyu sun tayar masa da alajin. Ɗaya bai tayar ba. Sunansa Sultan, sunan da babu Bahaushen da zai raɗa wa kare, amma haka Turawan suka kira shi.

Sharaɗi ɗaya ya cika ke nan. Saura na biyu, kuma shi sai an reni kwikwiyon an horar da shi kafin a sani.

## Masu reno sun ƙi karɓa

Sai ga wata sabuwa. Ƙungiyar na da jerin iyalai da ke jiran a ba su ɗan kwikwiyo su rena, wasu sun yi watanni suna jira. Da aka ce musu waɗannan ruwa biyu ne, kowa ya noƙe. Labrador tsantsa suke so. Lokaci kuma ba ya jira, domin makonnin farko na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake sabawa da mutane da ƙara da wurare. In ya wuce su a keji, da wuya ya yi aikin jagora.

Conron ya je wajen mai hulɗa da 'yan jarida na ƙungiyar ya ce a sanar cewa sun samar da sabon kare, sunansa Labradoodle, kan sunan Labrador da wutsiyar sunan Poodle. Labari ya fita, waya ta dinga ƙara. Karnukan da aka ƙi jiya saboda ruwa biyu ne, yau ana rububinsu saboda sun samu suna. Babu abin da ya canza a jikinsu.

An reni Sultan, ya shiga horo, ya ci jarrabawa, aka kai shi Hawaii. Ya yi shekaru yana yi wa matar jagora a gidan da mijinta ke ciki. A bangarenta, magana ta ƙare a nan.

## Haihuwa ta biyu

A ɓangaren kiwo kuwa an ci gaba. Aka sake haɗa Labrador da Poodle, aka samu 'yan kwikwiyo goma, aka sake gwaji. Uku ne kawai suka tsallake, in ji Conron. Ɗaya cikin uku a karon farko, uku cikin goma a karo na biyu: idan aka haɗa, huɗu cikin 13.

Ta fuskar aiki sakamakon ya fi kyau nesa ba kusa ba. A ƙidayar Conron, Labradoodle 31 ya samar a ƙungiyar, 29 daga cikinsu suka zama karnukan jagora. Sai dai a tuna cewa iyayen ba tsintar su aka yi a titi ba. An zaɓe su ne daga karnukan da aka san halinsu da lafiyarsu.

## Shekarun 1990 zuwa 2000: haruffa sun shigo kasuwa

Sunan ya fita daga hannun ƙungiyar. Masu kiwo a Ostireliya, sannan Amurka da Birtaniya, suka shiga haɗa Poodle da kusan kowane jinsi. Haɗa shi da Golden Retriever ya ba da Goldendoodle. Cockapoo, haɗin Cocker Spaniel da Poodle, wanda ya girmi Labradoodle da shekaru da dama, ya sake samun kasuwa. A farkon 2009 Barack Obama ya ce iyalinsa na duba Labradoodle ko wani karen ruwa ɗan asalin Fotugal, saboda 'yarsa na da alaji. A ƙarshe ɗan Fotugal ɗin suka ɗauka, amma tallar ta riga ta yi.

Masu saye na neman abin da aka yi musu alkawari, kare marar zubar da gashi, zubin farko kuma ba ya ba da shi a kai a kai. Daga nan haruffa suka yawaita. In aka mayar da ɗan F1 ga Poodle tsantsa, 'ya'yan su ne F1b, kashi 75 cikin ɗari Poodle. In aka sake mayar da F1b ga Poodle, an samu F1bb, kashi 87.5. In aka haɗa F1 da F1, an samu F2, wanda a lissafi ya koma rabi da rabi. Daga zubi na uku zuwa sama ana kiransu masu zubi da yawa.

Akwai abin da takardar talla ba ta cika faɗa ba. Banda F1, duk sauran alkaluman matsakaici ne. Ɗan F1b ya karɓi rabinsa daga Poodle tsantsa, wannan tabbas ne. Ɗaya rabin kuwa daga ruwa biyu ya zo, kuma kowane ƙwai da kowane maniyyi na ruwa biyun yana ɗauke da gauraye daban. Wani ɗan ya zarce 75, ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya gaza.

Manomin da ya taɓa shuka masara mai aure ya san wannan ba tare da an zana masa ba. Shekarar da ya sayi iri, gona takan tashi kai ɗaya, tsawo ɗaya, goyo ɗaya. In ya ɗebi iri daga wannan girbi ya shuka baɗi, sai gona ta fito wata doguwa, wata gajera, wata ba goyon kirki. F2 ke nan. Abin da Gregor Mendel, uban ilimin gado, ya wallafa a 1866 bayan gwajinsa da wake shi ne dai wannan: halin da ya ɓuya a zubin farko yakan sake bayyana a ɗaya cikin huɗu na zubi na biyu.

## 2009: abin da ke juya gashin

Shekara ashirin bayan haihuwar Sultan, masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasa ta Amurka suka wallafa cewa ƙwayoyin gado uku ne ke bayyana mafi yawan bambancin gashi tsakanin jinsunan karnuka. FGF5 ke yanke tsawo. KRT71 ke kawo murɗi. RSPO2 ke ba kare gemu da gashin baki da gira mai kauri, kuma karen da ke da ita yakan rage zubar da gashi. Daga baya aka ƙara gano wata, MC5R, mai hannu a yawan zubar. Ukun farko suna kan kuromosom daban-daban, don haka kowacce tana rabuwa da kanta.

Kowane kare na da kwafi biyu na kowace ƙwaya, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Poodle yawanci yana da biyu na dogon gashi, biyu na murɗi, biyu na gemu. Labrador yawanci ba shi da ko ɗaya. Ɗan F1 yana da ɗaya-ɗaya.

Ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta gemu mai rinjaye ce, kwafi ɗaya ya isa, shi ya sa kusan duk F1 ke da fuska buzu-buzu. Ta dogon gashi mai ɓuya ce, sai an samu biyu take bayyana. Ta murɗi tana tsaka-tsaki: ɗaya ta ba da lanƙwasa, biyu su ba da murɗi sosai. Sakamakon shi ne Labradoodle na zubin farko yakan fito da gashi mai ɗan kaushi, yamutsattse, wanda sau da yawa yana zuba. Wannan ne ma ya sa Goldendoodle na zubin farko ya fi shi laushin gashi, domin Golden Retriever shi ma dogon gashi gare shi, ɗan ya samu kwafi biyu tun daga farko.

A F1b lissafin ya karkata. Duk 'ya'yan suna da gemu. Rabi suna da dogon gashi. Rabi suna da murɗi biyu. Wanda ya haɗa kwafi biyu-biyu na dukkan ukun kamar Poodle shi ne ɗaya cikin takwas.

A F2 abin ya watse. Ɗaya cikin huɗu ba shi da ƙwayar gemu ko ɗaya, fuskarsa sumul, yana zubar da gashi kamar kakarsa Labrador. Ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da dogon gashi. Wanda ya haɗa dogon gashi da gemu, wato kamannin da ake sakawa a hoton talla, uku ne cikin 16. Wanda ya dawo Poodle sak a dukkan ukun, ɗaya cikin 64. Karyar F1 da ta haifi takwas, ana sa ran biyu daga ciki su fito da fuska sumul, alhali duka takwas ɗin takardarsu ɗaya, farashinsu ma sau da yawa ɗaya.

Gashin da ba ya zuba yana da nasa kuɗin. Tunda ba ya faɗuwa, sai ya cukurkuɗe, musamman bayan kunne da hammata da inda abin wuya ke gogawa. In aka bar shi makonni ba taza, yakan dunƙule ya manne da fata kamar tabarma, har sai an aske shi ƙwal. Masu irin wannan kare kan kai shi aski duk bayan mako shida zuwa takwas. Kunnen kuma a rufe yake, ga gashi a cikin ramin, danshi ya samu wurin zama.

Wannan bincike ya bayyana gashi. Bai bayyana dalilin da ya sa Sultan ya bambanta da 'yan'uwansa biyu a jikin mijin ba, tunda a waɗannan ƙwayoyi uku 'yan F1 kusan ɗaya suke.

## 2011 da 2012: an auna abin da ke tayar da alajin

Ba gashin ne ke sa mutum atishawa ba. Wasu sinadaran furotin ne da jikin kare ke yi. Babbansu, wanda ake kira Can f 1, yana cikin miyau da ɓurɓushin fata. Kare ya lashi jikinsa, miyau ya bushe a kan gashi, ya bi iska. Gashi abin hawa ne kawai. Akwai wasu furotin ɗin banda shi, har da Can f 5, wanda karnuka maza ke fitarwa, kuma akan samu mutumin da shi kaɗai ke damunsa, ya zauna da karya lafiya lau amma namiji ya tayar masa.

A 2011 masu bincike a birnin Detroit na Amurka suka ɗebi ƙurar gidaje 173 masu kare ɗaya-ɗaya, suka auna Can f 1. Ba su ga bambanci tsakanin gidajen karnukan da ake tallatawa a matsayin marasa tayar da alaji da na sauran ba.

A 2012 wasu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka auna a jikin karnukan kansu da kuma gidajensu. Gashin Poodle ne ya fi yawan Can f 1, na Labrador ya fi ƙaranci, akasin abin da kowa ya zata. A ƙurar daɓe, gidajen masu Labradoodle sun ɗan yi ƙasa. A iskar ɗaki, wadda ita mutum ke shaƙa, ba a ga bambanci ba. Sun kuma ga cewa tsakanin kare da kare a cikin jinsi ɗaya akwai tazara mai faɗi.

## 2019 zuwa 2024: nadama, da abin da aka ƙirga

A 2019, a wata hira da kafar ABC ta Ostireliya, Conron ya ce samar da Labradoodle shi ne abin da ya fi nadama a rayuwarsa. Ya ce ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa, mutane na haɗa karnuka don kuɗi ba tare da duba lafiya ko halin iyaye ba, kuma yawancin waɗanda yake gani ko dai ba su da natsuwa ko suna da ciwon gado. Ƙungiyoyin masu kiwon Labradoodle suka musanta.

Batun ciwon gado yana da tushe. Ana yawan cewa ruwa biyu ya fi tsantsa lafiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ciwon da sai an gaji kwafi biyu yake bayyana, in jinsi ɗaya ne kawai ke ɗauke da shi, ba zai fito a F1 ba. Amma wannan kariya ta zubin farko ce. A F2 rabinta ya tafi, a F1b kuma ciwon ɓangaren Poodle na iya haɗuwa da kansa. In kuwa jinsunan biyu suna ɗauke da ciwo iri ɗaya, babu kariyar tun daga farko. Misali shi ne wani ciwon ido da ke cinye gani a hankali har kare ya makance, wanda aka gano ƙwayar gadonsa, PRCD, a 2006. Labrador na ɗauke da ita, Poodle na ɗauke da ita, Cocker Spaniel ma haka. Lissafinsa irin na sikila ne da muka sani: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Maganinsa ma iri ɗaya ne, a gwada iyaye kafin a haɗa su. Gurɗewar ƙugu ita ma tana cikin jinsunan biyu, kuma hoton ƙashin iyaye ne ke nuna ta.

A 2020 masu bincike a cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta Amurka suka duba Labradoodle 21 na layin Ostireliya, wanda aka yi shekaru ana kiwonsa zubi bayan zubi, har da ɗan surkin Cocker Spaniel. Suka tarar mafi yawan jininsu na Poodle ne, na Labrador kaɗan ya rage. Masu kiwo sun yi ta zaɓen gashi, zaɓen gashi kuma komawa ga Poodle ne. Har yau manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka na Amurka da Birtaniya ba su karɓi Labradoodle a matsayin jinsi mai zaman kansa ba.

A 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta wallafa bayanan karnuka 9,402 da ta tattara daga masu su a Birtaniya: Labradoodle, Cockapoo, Cavapoo (haɗin Cavalier da Poodle) da jinsunan iyayensu. An kwatanta su a kan cututtuka 57. A kashi 86.6 cikin ɗari na kwatancen babu bambanci. Sauran ya rabu kusan biyu, a wasu ruwa biyun sun fi kamuwa, a wasu sun fi tsira. Ciwon kunne na cikin waɗanda ruwa biyun suka fi kamuwa da su. Karnukan da aka ƙirga duk ƙanana ne, ba su wuce shekara biyar ba, don haka ciwon tsufa bai shiga lissafin ba.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

Yunƙurin farko ya gaza ne saboda an zaɓi jinsi a kan hali ɗaya, gashi, aka sa ran sauran za su biyo baya. Shekara uku da kare 33 suka tafi a haka.

Barbarar ta yi rabin aiki. Ta kawo halin Labrador cikin jikin da ke da wani abu na Poodle, kuma 29 cikin 31 adadi ne da kowace makarantar karnukan jagora za ta yi murna da shi. A ganina yabon nan na iyayen da aka zaɓa ne da horon da aka bayar, fiye da haɗin kansa. Wajen alaji kuwa barbarar ba ta ba da tabbas ba, dama kawai ta bayar, kuma damar ba ta kai ɗaya cikin uku ba a haihuwa biyun da aka gwada.

Abin da ya warware matsalar matar shi ne gashi da miyau da aka aika Hawaii. Binciken 2011 da 2012 ya nuna dalili: alaji magana ce tsakanin wani kare da wani mutum, kuma harafin zubi ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Da a ce mijin ya zo bayan shekara ashirin ya sayi F1b a kan alkawarin kashi 75, da ya ƙara yiwuwar samun darduma marar gashi, amma hancinsa yana nan a cinikin biri a sama.

Haruffan suna da amfaninsu, ban ce ba su da shi ba. Wanda ke son sanin yawan sharar da zai yi, ko sau nawa zai biya mai aski, F1b da F2 za su gaya masa abu na gaske, gwajin ƙwayoyin gashi na iyayen kuma ya gaya masa fiye da haka. Ba sa faɗin hali, domin hali yana rataye ne da ɗimbin ƙwayoyin gado da kuma reno. Ba sa faɗin lafiyar ido ko ƙugu. Nadamar Conron ma na ga ta ɗan zarce abin da alkaluman 2024 suka nuna, tunda karnukan ba su fi iyayensu ciwo ba. Inda yake da gaskiya shi ne sunan ya yi tafiya ya bar gwajin a baya. Shi ya gwada kowane ɗan kwikwiyo kafin ya ce wa kowa komai, waɗanda suka gaji sunan kuwa da yawansu alkawarin suka ɗauka kawai.

'Yan'uwan Sultan biyu uwarsu ɗaya da shi, ubansu ɗaya, rana ɗaya aka haife su, kuma da a yau ne, F1 za a rubuta wa dukansu uku. Su biyun ba su je gidan na Hawaii ba.